Hannun Mai Kwaɗo

Wuta tana rufa wa mai girki asiri. Tumatirin da ya fara laushi, da albasar da ta kwana a yanke, da ganyen da ya yi yaushi, idan suka shiga tukunya suka sha tafasa, ba mai gane halin da suka zo a ciki. Mai kwaɗo ba ta samu wannan gatan ba. Abin da aka kawo mata daga lambu da safe shi za a gani a faranti da yamma, kowanne da kamarsa, kuma ko tsakuwa ɗaya ce ta maƙale a cikin lansir, haƙorin mai saye sai ya same ta. Shi ya sa kowane gari yake da masu kwaɗo barkatai, amma wadda yara ke yin cincirindo a ƙofar gidanta da wuya ta wuce ɗaya ko biyu.

A manyan biranen Turai da Amurka akwai gidajen abincin da suka ɗaukar wa kansu ƙa'ida biyu. Ta farko, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba duk abin da ya fito daga jikin dabba. Ta biyu, kada zafin abinci ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyas. Al'adar ba ta jiya ba ce. A farkon ƙarni na 20 wani likita a birnin Zurik na Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, ya riƙa ciyar da majinyatansa ɗanyun 'ya'yan itace da ganye. Fiye da shekara ɗari ke nan da John Richter da matarsa Vera suka buɗe gidan cin ɗanyen abinci a Los Anjalas. A 1944 kuma Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba a Ingila. Yau mutum kan shiga irin waɗannan wurare ya biya kuɗi masu kauri a kawo masa yankakken ganye da miyar niƙaƙƙen kashu.

Wanda yake son ganin irin wannan sana'a a ƙasar Hausa, ya nufi ƙauyukan kudancin Katsina, irin su 'Yargoje a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, ko garuruwan Faskari da Sabuwa, ya tambayi gidan mai kwaɗo. Ba allo a ƙofa, ba takardar jerin abinci. Roba ce babba rufe da faifai ko tsumma mai tsabta, da gwangwanin mai, da kwanon dakakken ƙuli. Amma abin da ke cikin robar nan tsiro ne zalla, rabinsa bai taɓa ganin wuta ba, kuma matar da ta haɗa shi ta san abin da masu ƙa'idar digiri 48 ke yawan mantawa: kowane ganye da halinsa, wani ɗanye ya fi kyau, wani kuwa sai an tafasa shi yake ciwuwa.

Kowane ganye da lokacinsa

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya da gyaɗa, kuma tana da fadamu. Wannan ya ba mai kwaɗo kaka biyu a shekara. Da damina, ganye na zuwa daga gona da bakin daji: rama, tafasa, yaɗiya, ga zogale da ke tsaye a shingen gida yana ta toho. Da hunturu har zuwa farkon bazara kuwa sai 'yan lambu su karɓi aiki, su kawo lansir da latas da kabeji da karas da tumatir da albasa mai lawashi.

Gwana tana zaɓe da ido da yatsa. Zogale matashi take so, na kan reshe, wanda bai fara rawaya ba, domin tsohon ganye yana da tauri da ɗaci. Rama tun ba ta yi kara mai ƙarfi ba. Lansir wanda bai yi fure ba, don da zarar ya yi fure yajinsa ya wuce kima. Tumatir mai tauri, nunanne amma bai saki ruwa ba. Na miya daban, na kwaɗo daban. Latas kuwa da sanyin safiya ake yankansa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, in ba haka ba kafin azahar ya langaɓe.

Daga nan sai rabon da ke nuna ilimi. Lansir, latas, kabeji, karas, gurji, yalo, tumatir da albasa, waɗannan ɗanyu ake ci. Rama sai an dafa ta an zubar da ruwan an matse, saboda tsaminta. Wasu kan jefa 'yar kanwa don ta yi laushi tsamin ya ragu. Tafasa da yaɗiya su ma sai an dafa an tsiyaye ɗacinsu. Zogale ana tsige shi daga tsinkayensa, a dafa shi daidai, a matse. Idan ya yi ɗanye zai yi ɓauri, idan ya dahu ya wuce zai yi caɓi ya rasa kore. Tsakanin nan gwanintar take, kuma ba da agogo ake gane ta ba, da murza ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu ne.

Ilimin zamani bai saɓa wa wannan rabo ba. Zafi yana lalata sinadarin bitamin C, don haka barin lansir da tumatir da kabeji ɗanyu riba ce. Amma akwai abincin da wuta ce ke cire masa illa. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da gubar sayanayid. Garin kwakin da ake kwaɗawa bai zama abin ci ba sai da aka gurza rogon, aka bar shi ya yi tsami, aka matse, aka soya. Ɗanyen wake yana wahalar da ciki. Masu cin ɗanye zalla kan ce wuta na kashe wasu sinadarai masu taimakon narkewar abinci, alhali jikin ɗan Adam yana yin nasa, kuma na cikin ganyen ma ruwan tsamin tumbi yakan wargaza yawancinsu. Bugu da ƙari, wanda ya bar nama da nono da ƙwai kwata-kwata sai ya nemi bitamin B12 ta wata hanya, domin ganye ba ya ba da shi. Mai kwaɗo ba ta shiga wannan tsaka mai wuya ba, tunda ba ta taɓa cewa kwaɗo kaɗai za a rayu a kansa ba. Wanda ya ci nata da la'asar, ya sha fura da nono da rana, tuwo kuma na jiransa da dare.

Wanki shi ne rabin aiki

Abin da ba zai shiga wuta ba, ruwa ne kaɗai zai tsarkake shi. Ganyen lambu yana tasowa daf da ƙasa, ana ba shi taki, ana yi masa ban ruwa daga rafi ko rijiya, wani lokaci ana fesa masa maganin ƙwari. Duk wannan yana iya biyo shi gida. Zawo da taifot da kwalara da tsutsar ciki, duk ta nan sukan sami hanya.

Gwana ba ta zuba ruwa a kan ganye ta tsiyaye, domin ƙasar da ta kwanta a gindin roba za ta sake hawa kansa. Tsamo ganyen take daga cikin ruwan, ta mayar a wata robar mai sabon ruwa, ta yi ta maimaitawa har sai ta shafa gindin robar ba ta ji yashi ba. Lansir ya fi kowa ba da wahala a nan, don ganyensa ƙanana ne masu riƙe ƙasa. Latas ana ɓare shi ganye-ganye, a jiƙa shi a ruwan gishiri ko ruwan kal, a ɗauraye. Sai ta baza a kwando ko matsami ya tsane sarai, domin ganye mai ruwa ba ya kama ƙuli. Kuma sai an gama wanki ake yanka, ba a yanka kafin a wanke, don kada amfanin ganyen ya bi ruwa.

Ruwan gishiri yana rage datti da ƙwari, amma ba ya gyara ruwan da tun asali ba shi da kyau. Mai kwaɗon da ta san kanta ta fi yarda ta sayi ruwan burtsatse ta ragu a riba da ta wanke da na kududdufi. A ƙauye, inda kowa ya san gidan kowa, in mutum biyu suka kwana da ciwon ciki bayan sun ci na wance, kasuwarta ta mutu ke nan.

Ƙuli, uban tafiya

Abin da ya raba kwaɗo da ganyen da aka yanka kawai shi ne ƙuli-ƙuli. Shi ne ke riƙe komai wuri ɗaya kamar yadda kwaɓaɓɓiyar ƙasa ke riƙe tubali. Yinsa kuma sana'a ce mai zaman kanta. A ɓare gyaɗa, a tsince, a soya ta sama-sama, a murje a fece ɓawon, a kai inji a niƙa. Sai a zuba niƙan a turmi ko tukunya, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, har mai ya fara tasowa. A kwashe man, a matse abin da ya rage, wato tunkuza, a sa mata gishiri da yaji, a mulmula, a soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Gyaɗa ɗaya ta ba da abu biyu, kuma dukansu za su sake haɗuwa a farantin kwaɗo.

Gyaɗar kanta baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Kudancin Amurka ta fito, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ta zama babbar hajar Arewa, har aka riƙa tara buhunanta dala-dala, kafin fari da cutar da ta auka wa shukar a 1975 su karya kasuwar. Fitar da ita waje ya ja baya, amma mata masu ƙuli ba su daina ba, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta ci gaba da fitar da irin da ke jure cutar.

Tsintar gyaɗa ba aikin ɓata lokaci ba ne. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi funfuna tana iya ɗaukar wata guba mai cutar da hanta, wadda ake kira afalatoksin. Duniya ta farga da ita a 1960, lokacin da talo-talo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar Birazil. Suya ba ta kawar da wannan guba gaba ɗaya. Tsohuwar da ke zaune da faifai tana fitar da ruɓaɓɓiyar ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, don kada ƙulinta ya yi ɗaci, lafiyar unguwa guda take tsarewa.

Daka ƙuli ma da dabara. Ana haɗa shi da busasshen barkono da gishiri, mai so ya ƙara citta ko ɗanɗanon girki. Idan ya yi laushi kamar garin tuwo, kwaɗon zai yi danƙo ya cushe. Idan ya yi tsaki-tsaki da yawa, ba zai kama ganye ba. Gwana takan daka yawancinsa ya yi laushi, ta bar kaɗan da ɗan ƙarfi don a ji gurus-gurus a baki.

Lokacin haɗi

Nan ake gane hannu. Dafaffen ganye, kamar zogale da rama, an matse shi ya bushe, don haka yana son ƙulin da aka ɗan dama da ruwa ya yi kauri, a cuɗa sosai har ya ratsa. Ɗanyen ganye kuwa da ruwansa a jikinsa, busasshen gari ake barbaɗa masa, a juya a hankali da yatsu daga ƙasa zuwa sama, ba matsa ba murza. Gishiri yana janye ruwan ganye, shi ya sa latas ɗin da aka kwaɗa aka ajiye yakan kwanta cikin ruwa kafin a juya. Saboda haka gwana ba ta haɗa na latas da lansir gaba ɗaya tun a gida. Tana ajiye kowane kaya daban, sai mai saye ya tsaya sannan ta haɗa masa nasa.

Akwai kuma daidaita ɗanɗano. Rama mai tsami tana cin ƙuli da yawa, wasu har da ɗan sukari. Zogale yana son albasa da tumatir su ba shi daɗi da danshi. Lansir da yajinsa ya zo, don haka a rage masa barkono. Kabeji a yanka shi siriri, a matsa masa lemon tsami. Mai yana zuwa a ƙarshe, man ƙuli mai ƙamshi, daidai yadda ganye zai yi sheƙi ba tare da ya taru a gindin faranti ba.

Ba don daɗi kaɗai wannan haɗi ya dace ba. Sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda ke cikin zogale da karas, yana bukatar mai kafin hanji ya tsotse shi da kyau. Sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin ganye ba ya shiga jiki da sauƙi, amma bitamin C na tumatir da lemon tsami yana taimaka masa, shayi kuwa yana tauye shi, don haka gara a ɗan jinkirta shayin bayan kwaɗo. Ƙuli kuma ya kawo sinadarin gina jiki, tunda yawancinsa a tunkuza yake zama bayan an cire mai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. A gidan da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, farantin kwaɗo na cikin hanyoyi mafi araha na kusantar wannan adadi.

Ci a waje, irin na gida

Yawancin masu wannan sana'a matan aure ne da ke aiki a cikin gida, a aiko yara su saya, ko a fita da kwaɗon talla bakin kasuwa da tasha da majalisar dattawa. Wasu, musamman zawarawa da tsofaffi, sukan kafa benci a rumfa ranar kasuwa. Cinikin ba ya ɗaukar lokaci.

"Inna, barka da yamma. A haɗa mini na zogale, a sa lansir kaɗan a kai."

"To, ɗan nan. Yaji fa?"

"A sa da dama, amma kada ya kai na jiya."

"Kai dai faɗi gaskiya, ba ka iya cin yaji ba. Ga buta can, wanke hannunka."

Ta san wanda likita ya hana gishiri, ta san tsohon da haƙoransa ba sa iya ƙuli mai tsaki, ta san mai cikin da ba abin da take marmari sai tsamin rama. Kowa da irin haɗinsa, daga roba ɗaya. Wanda yunwa ta kama sosai a ƙara masa garin kwaki da aka yayyafa wa ruwa, ko jiƙaƙƙen ƙanzo, kwaɗon ya zama abincin da zai riƙe shi har dare. Da azumi kasuwar ta fi ci, domin bayan dabino da kunu baki yakan nemi abu mai tsami da yaji.

Wanda kuma ya nace sai abin da bai taɓa wuta ba ko kaɗan, ba zai tashi da yunwa ba. Ga gurji da yalo da karas. Ga 'ya'yan itacen da kowane ke zuwa a lokacinsa: kanya, magarya, ɗinya, aduwa, goruba, tsada, ɗorawa. Ga kunun aya, wanda jiƙawa ne da niƙawa da tacewa, da dabino da kwakwa. Mutanen Balansiya a Sifen suna da irinsa kuma suna alfahari da shi. Ga garin 'ya'yan kuka, wanda Tarayyar Turai ta amince a sayar a kasuwanninta a 2008, yanzu ana zuba shi a kwalabe ana sayarwa da tsada a shagunan masu neman lafiya.

Abin da sana'ar ke bukata

Ba a maganar abincin wannan yanki a tsallake halin da yake ciki. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa na maƙwabtaka da Birnin Gwari, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar su. A Disambar 2020 aka sace ɗaruruwan ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. 'Yargoje kanta ta ga mummunan hari a watan Yunin 2024, aka rasa rayuka da dama. Inda zuwa gona mai nisa ya zama kasada, tsinkar tafasa da yaɗiya a bakin daji ma ta zama haka, kuma gyaɗar da ba a noma ba ba za ta zama ƙuli ba. A irin wannan yanayi darajar zogalen cikin gida take ƙara fitowa, domin itace ne da ake dasawa da reshe, yana jure fari, ana tsinka yana tohowa, kuma ana shanya ganyensa a inuwa a adana don rani. Sana'ar kwaɗo kuma jarinta kaɗan ne, matar da aka raba da gonarta ko aka kashe mata miji tana iya farawa da mudun gyaɗa da roba ɗaya.

Yarinya takan koyi aikin ne a gefen uwarta, daga tsigar zogale, zuwa wanki, zuwa daka, sai a ƙarshe a bar ta ta sa gishiri, wanda shi ne mataki mafi wuya. Ilimin yana nan daram, ba ya bukatar wani ya zo ya koyar da shi. Abin da ya rage a hannun hukuma da al'umma abu uku ne: ruwa mai tsabta kusa da gida, gyaɗar da aka shanya aka adana yadda ba za ta yi funfuna ba, da hanyar fadama da manomi zai bi ya dawo lafiya.

Masu gidajen abinci a Katsina da Funtuwa da Kano su ma da nasu rabon. Da yawansu kan ajiye kabeji da aka cakuɗa da farin kirim na kwalba a gefen shinkafa, su bar kwaɗo a bakin titi kamar abin kunya, alhali masu ciwon sukari da hawan jini da likita ya ce su yawaita ganye suna ta neman inda za su ci. Duk wanda ya sa kwaɗon zogale da na lansir a jerin abincinsa, ya kira su da sunansu, ya ɗauko matar da ta iya ya biya ta kuɗin gwaninta, ba zai rasa masu saye ba.